Ranar da Bindigar Kakana Ta Rasa Masauki

Warin man keken ɗinki ne ya tashe ni ranar da muka bar unguwar Hindawiyya a Jidda. Baba na zaune a ɗakin da aka riga aka kwashe kayansa, yana goge bindigar mahaifinsa da tsumma. Daga ƙarshen layi kuma katafila na rushe gidan maƙwabtanmu a hankali, kamar mai tauna da ciwon haƙori.

Bindigar toka ce, ta fi ni tsawo a lokacin, ina da shekara goma sha uku. Kakana maharbi ne. Da ita ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi shekaru a hanya kafin ya ga Ka'aba, bai kuma koma ba. Ba wanda ya taɓa jin ƙararta a Jidda, don tsatsa ta toshe cikinta tun kafin a haifi Baba. Amma da Kaka zai rasu ya ce kada a bar ta ta kwana a gidan wani, Baba kuma ya amsa.

Baba na da takardar hukuma ta ajiye ta a gida, ban da yawo da ita. Saboda ƙaurar ya yi makonni yana zarya ofis, har aka ba shi takarda ta biyu: izinin ɗaukarta na yini ɗaya, daga tsohon gida zuwa sabo, kafin faɗuwar rana. Bayan haka ta zama bindiga a kan titi babu izini, a ƙwace ta, mai ita ya je ya yi bayani.

Mun isa sabuwar unguwarmu, Mahjar, bayan azahar. Umma ta hau hawa na uku da tukwane, ni na tsaya da Baba, yana rungume da bindigar naɗe cikin darduma. Mai gadin benen, wani dattijo mutumin Nijar, ya gaishe mu da fara'a, sannan ya nuna mana allon dokokin kwamitin mazauna. Ba a shanya a matakala, ba a kiwon awaki a kan rufi, ba a shigo da makami kowane iri. Baba ya miƙa masa takardu. Dattijon ya juya su da ladabi, ya ce shi ƙofa aka ba shi, ba karatu ba.

Aka kira shugaban kwamiti, wani tsohon malamin makaranta da kowa ke ce wa Ustaz. Ya sauko da silifas, ya karanta takardun sau biyu, ya yaba kyawun hatimin. Baba ya ce hukumar ƙasa ce ta ba shi izini, ina kwamitin bene ya kai ta?

"Wallahi gaskiyarka, ya akhi," in ji Ustaz. "Amma hukuma ba ta kwana a nan. Mu ke kwana."

Baba ya buga wa jami'in da ya ba shi takardar waya. Jami'in ya ce dokar bene ba komai ba ce a gaban dokar ƙasa, ya shiga abinsa, sai dai kada ya ture kowa, don ture mutum laifi ne. Mai gadi na jin haka ya jawo kujerarsa ya dasa a tsakiyar ƙofa. Baba ya ce to bari ya mayar da ita tsohon gida. Na tuna masa cewa da idonmu muka ga an tuge ƙofarmu muna shiga mota.

Haka muka wuni. Aka kawo shayi da na'ana'a, Baba da Ustaz suka sha suna gardama. Da aka kira la'asar, Baba ya rasa yadda zai yi, don masallaci ma ba a shiga da ita, barinta a hannun wani kuma ya saɓa wa takarda. A bakin titi ya yi salla, bindigar a gabansa ta zama sutura. Bayan salla Ustaz ya ce zai hau ya sha maganinsa, jim kaɗan ya sauko aka ci gaba da gardama. Ni ina kallon inuwar benen tana tsallaka kwalta, ina tunanin abin da ya ƙetare hamada da teku ya zo ya kasa hawa matakala.

Rana ta yi ja sosai lokacin da wani abu ya taɓa mini kai. Na ɗaga ido, sai ga igiya tana saukowa daga barandarmu, da kwandon kaba a ƙarshenta, irin wanda matan tsohuwar unguwa ke zurowa mai burodi ya saka musu. Umma ce riƙe da ɗaya bakin.

"Yalla, yi sauri, Alhaji," ta ce. "Hannuna ya fara gajiya."

Bindigar ba ta shiga kwando ba, sai Baba ya ɗaure ta ta tsakiya. Dardumar ta zame tun a hawa na ɗaya. Bindigar ta ci gaba da tafiya tsirara, tana juyi a iska, bakinta na nuna mai shago, ya koma kan mai gadi, ya koma kan wata mata da ta leƙo ta taga. Duk wanda ta nuna sai ya duƙa, har Baba, wanda ya fi kowa sanin abin da ke cikinta. Mai gadi ya ce shi dai ba abin da ya wuce ta ƙofarsa. Ustaz kuwa ya juya baya, ya sa tabarau, ya shiga karanta allon dokokin daga farko, a bayyane, har da ta awaki. Bai gama ba sai da ya ji an rufe ƙofar baranda. Sannan ya ce wa Baba batun na nan a gaban kwamiti, za a zauna a kansa.

Ba a taɓa yin zaman ba. Bindigar tana rataye a falonmu har yau.

Sai bayan na gama jami'a, ranar da muka je gaisuwar rasuwar Ustaz, matarsa ta faɗa mini cewa igiyar da kwandon nasu ne. Da ya ce zai hau ya sha maganinsa bayan la'asar, ashe ce mata ya yi ta kai su wa Umma, ta kuma gwada mata ƙullin da ba ya zamewa.