Sunan da Alhaji Ya Nema

Da na samu aikin ungozoma a wani asibitin kuɗi a Kano, mutanenmu na Rogo Ruma sun ɗauka na haye. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na fara neman ɗaki.

Gidan gwaggona na sauka, a ɗakin da ɗanta zai sa amarya, an kuma tsayar da biki bayan sallah. Gwaggo ba ta ce in tashi ba, ba za ta taɓa faɗa ba. Amma ranar da na dawo na tarar mai fenti ya jawo katifata tsakar ɗaki ya lulluɓe ta da leda, na gane karatun. Komawa gida kuwa barin aiki ne, don babu mai tasowa daga Rogo ya bi ta Karaye ya kama aikin safe a Kano, ko da aljani ke tuƙa motar.

Maigidana yana gona. Damina ce, gyaɗa ta fara fure, ba ya iya matsawa ko nan da can. Muka yi da shi in nemi wuri, in an yi kaka ya biyo ni da yara.

Na sha yawo da wani dillali mai bakin zuma, wanda kowane kango a wurinsa “gida ne na mutunci”. Ya kai ni wani ɗaki a bakin kwata, shatin ruwan bara yana nan a bango har gwiwata, ya ce ai zanen fenti ne. Ya kai ni wani lungu, matasa zaune da jajayen idanu suna bin jakata da kallo, ya ce yaran unguwa ne, ba ruwansu. Ni da haihuwa ba ta ba ni lokacin tashi daga aiki, ta nan zan riƙa wucewa ni kaɗai? Gidajen kirkin kuma da an faɗi kuɗinsu sai in yi godiya in gyara mayafi. Albashina ba ya doguwar magana.

Saura ƙiris biki, dillalin ya kira ni, ya ce in zo maza. Ciki da falo ne, a gida mai ƙofar ƙarfe, da rijiya a tsakar gida, masallaci a ƙofa, titi kuma ga shi nan. Kuɗin ma na iya, in na ɗaure ciki. Na tsaya a falon nan, har na zaɓi inda yara za su kwanta.

“Sai dai fa Alhajin da ke da gidan ba ya ba mace mai zaman kanta,” in ji dillali. “Duk abin da ya tambaye ki, ki amsa kai tsaye.”

Muka same shi a kan dakali gefen masallaci, da wasu dattawa suna jiran la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na gaida sauran. Ya tambayi garinmu, ya tambayi aikina, duk na amsa.

“Kina da aure?”

“Ina da shi, Alhaji.”

“Ina mijin?”

“Yana gona, sai an yi kaka.”

“Yaya sunansa?”

A wajenmu mace ba ta kama sunan mijinta. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan mahaifina a bakinta ba. Ni kaina, jaririn da na karɓi haihuwarsa in aka raɗa masa sunan nan, to ya zama “mai sunan Malam” a wurina har ya yi gemu. Na sha rubuta sunan a makaranta da wurin aiki, amma hannu daban, harshe daban.

“Alhaji, a ba ni biro in rubuta.”

“Kowa ma ya iya rubutu,” ya ce. “Wata ta taɓa kawo mini mijin aro, da hula da babbar riga. Da bakinki nake so in ji.”

Na ciro waya na kira maigidana don su yi magana da kansu. Ba ta shiga ba. Gonarmu a kwari take, sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. Na sake kira, dattawan nan duk suna kallona. Dillali ya sunkuyo ya ce ƙasa-ƙasa, “Malama, akwai wani yana jiran gidan nan fa. Suna ne kawai.”

Suna ne kawai a wurinsa. Raina ya ɓaci, na ji kamar in miƙe in kaɗe zanena in tafi. Amma in tafi ina? Na sunkuyar da kai na faɗa, a hankali.

“Ban ji ba,” in ji Alhaji.

Na ɗaga murya na sake faɗa. Har ladan da ke alwala sai da ya waiwayo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji na yi kamar an fizge mini mayafi a tsakiyar kasuwar Karaye.

“To madalla,” ya ce. “Zan yi shawara.”

Washegari ban iya cin abinci ba, ina aiki ina leƙa waya. Shiru. Da na gaji da jira na je na tare dillalin a rumfarsu. Yana ganina ya hau sosa ƙeya, ya ce in yi haƙuri, an ba wani.

“Me na yi? Ba na amsa ba?”

Ya so ya kauce, na tsare shi, don ranar ba ni da sauran kunyar da zan ji.

“Wallahi ba laifina ba ne, Malama. Bayan kin tafi dattawan suka sa baki. Alhaji ya ce macen da za ta kama sunan mijinta gatsau a gaban maza, har sau biyu, hankalinsa bai kwanta da ita ba.”