Inna Verna, Mai Fatsa a Kan Garin da Ruwa Ya Ci

Kafin gari ya waye Inna Verna Stidham ta riga ta jefa birgi, wato ragar kamun kifi, ta kamo ƙananan kifin da ake sa wa ƙugiya, ta ɗura kofi a flas, ta kwance jirginta. Haka muka tashi muka gan ta a tafkinmu na Kentucky, tana kai baƙi fatsar kifi mai ratsi. Bana gwiwa ta hana, za ta ajiye aiki.

Gidan da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwan nan. Tana yarinya aka gina dam, ruwa ya haɗiye garinsu har da coci da makabarta. Shi ya sa take kwatance da abin da ba wanda ke gani. In sanyi ya sake, ta bi kifi can bakin kogi. In zafi ya tsananta, sai ta kashe inji a tsakiyar tafki ta ce, "Sun sauka titin coci shan sanyi. Ku zura ƙugiya, amma a hankali, mutane na kwance." Da kaka kuwa tsuntsaye take bi.

Ina cikin jirginta kakar bara. Hazo ya rufe ruwa, tsuntsaye na ta faɗowa, kifi na ta tsalle kewaye da mu. Ƙugiyata ta kamo wani ƙato ke nan ta ce, "Hollis, yanke zaren."

"Haba Inna! Wannan fa ya kai ɗan maraƙi."

"Kai da ƙugiyarka ta saba kama itace? Yanke, na ce."

Na yanke. Ta kutsa cikin hazo, ba ma ganin ko hancin jirgin. Can saman tsohuwar makabarta muka tarar da Dewey Caudill, makanikenmu, rungume da kan wani busasshen itace da ya leƙo saman ruwa. Jirginsa ya kife, leɓɓansa sun yi baƙi. Da ya farfaɗo a asibiti ya rantse bai yi ihu ba, sanyi ya riga ya ƙwace masa murya.

Na tambaye ta me ta ji. Sai ta ce:

"An kira ni da sunan da uwata kaɗai ke kirana."

Ban sake tambaya ba.

Inna Verna, ke ce kunnen tafki. Ke kika koya mana mayar da ƙaramin kifi ruwa, ke kika hana mu wuce jirgin da ya tsaya shiru ba mu leƙa ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya.

Ku masu tasowa, ku koyi kashe inji ku saurara kamar yadda take yi. Jiya na ga Dewey ya ɗauko jikarsa a wuya, za su shan askirim.