Mai Ɗura wa Jirgi Harsashi

Duk Anguwan Rogo an san Shu'aibu mai gyaran keken ɗinki, an kuma san ba a ambaton jirgin yaƙi a gabansa sai in mutum ba shi da abin yi ranar. Lokacin yaƙin basasa sojan sama ne shi, amma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Aikinsa ɗura wa jirgi harsashi da wanke bindigoginsa. Da aka sayo sababbin jirage masu rada da makami mai linzami, sai aka ce masu Turanci ake so, aka sallame shi kamar an kori ɗan haya. Ko na gode babu. Abin ya ci masa rai, kuma wa zai ga laifinsa?

Da ya dawo Jos, Anene ne ya ba shi kusurwa a shagonsa. Anene ɗan Ibo ne mai sayar da allura da man keke, ya komo garin bayan yaƙi, ba shi da yawan magana. Kullum tare suke shan rake a bakin shago.

Abu ɗaya Shu'aibu yake nema a duniya, wani ya yarda cewa aikinsa ba na banza ba ne. Teloli kuwa sun gano lagonsa, musamman Labaran, wanda bai san komai ba sai abin da rediyo ta zuba masa a kunne.

Rannan Labaran ya kawo keke gyara, ya ce, “Baba, an daina yayin bindiga. Yanzu rada ke hango jirgi tun daga nesa, matuƙi ya danna maɓalli ya tafi gida cin tuwo.”

Shu'aibu ya jefar da sukurdireba. “Ƙarya kake! Linzamin naka sai da tazara. In jirage biyu suka cakume suna zagaya juna, ka harba shi ya wuce, ko ya bi zafin rana. In an yi ƙasa-ƙasa kuma, radar taka duwatsu take gani. Dole matuƙi ya koma bindiga. Bindigar da na ɗura ba ta taɓa cijewa ba!”

Labaran ya ce, “Wa ya shaida? Kai da kana ƙasa kana goge ƙarfe.” Telolin da suka taru suka bushe da dariya.

Idon Shu'aibu ya rufe. Ya waiga, ya yi wautar da ba ta da gyara. “Oga Anene, kai kana can yankinku lokacin yaƙin. Faɗa musu!”

Anene bai daina jera allura ba. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, “Gaskiya ne, ba ya cijewa. Ran kasuwa ne a garinmu jirgin ya sauko, har na ga kan direbansa. Ɗiyata Nneamaka yana ɗauke da tiren ayaba. Bindigan bai tsaya ba sai da ya ƙare.”

Teloli suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Shu'aibu ya sami shaidar da ya daɗe yana nema, ya rasa inda zai sa kansa. Da ƙyar ya ce, “Tun yaushe ka san aikin da na yi?”

Sai a lokacin Anene ya ɗago kai cikin fushi. “Tun ranar da ka zo. Kullum kana faɗa. Kai ne ba ka taɓa tambayana ba.”