Ƙwayoyin Hajo da Bakina

Har gobe ban manta da Larabar da aka shigo mana da Hajo a kan babur ba, mutum biyu na riƙe da ita. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Kalgo, kafin a maido ni nan Gwandu. Ku sababbin ma'aikata ku buɗe kunne, don laifina ne zan faɗa.

Hajo matar wani makiyayi ce daga Wurogauri. Tana da wata cuta da a duk aikina sau ɗaya na gani: jikinta ba ya iya narkar da wani sinadari, sai ya taru a gaɓoɓi da jijiyoyi, yatsu su sandare. Likitocin babban asibiti suka ɗora ta a kan wani magani, firednisolon, don ya rage kumburi. Ƙa'idarsa mai tsauri ce: wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke shi rana ɗaya, sai a hankali, in ba haka ba jiki ya zube. Aikina in auna ta duk wata, kuma kullum ina ja mata kunne kada ta daina.

Ranar tana amai, jiki sanyi ƙalau, awon jini ya faɗi ƙasa warwas. Na buga wa likita waya, ya ce in yi mata allurar maganin in ɗaura ruwa nan take. Na tambayi mijin ina ƙwayoyinta na wata uku, ya miƙo min gwangwani wayam.

Da ta farfaɗo na hau ta da faɗa, kun san bakina. Ashe kwana shida ke nan rabonta da ƙwaya ko ɗaya. Matan unguwa sun ga kumatunta sun ciko, ga Sallah ta matso, suka riƙa zuwa roƙon maganin ƙiba. Ita kuma kunya ba ta barin ta hana maƙwabciya abin da ke cikin ɗakinta. Mata tara ta lissafa min, ɗaya ma tana da juna biyu. Na ce wa ya gaya musu maganin ƙiba ne?

Ta dube ni ta ce, "Ai ke ce, Sista. Gaban mata a layin awo kika ce, 'Hajo, maganin nan ya karɓe ki, dubi kumatu kamar amarya.'"

Sai da na nemi benci na zauna. Na faɗa ɗin, da wasa, alhali na san cikar kumatun illar maganin ce.

Hajo ta rayu. Sati biyu na yi ina bin gidajen nan tara, ina gaya musu ba maganin ƙiba ba ne. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba ruwan mutane da ko wasa kike yi. In dai da farar riga kika faɗa, sun ɗauka takardar likita ce.