Ranar da aikin jami'a ya yi mini aure

"Barka da arziki, Idi. Ina Madam Ramatu da 'yan biyu?"

Haka malaminmu na tarihi, da muke kira Mushe irin na Faransanci, ya tare ni a gaban aji, yana riƙe da aikina. Ni kuwa lokacin ko budurwa ba ni da ita, mobilet ma ta aro nake hawa.

Wata guda aka ba mu mu yi rubutu a kan cinikin goro. Na ƙarar da mako uku a teburin mai shayi a Zango, ina cewa ai tsarin yana kaina. Da wa'adi ya matso, na ari disket, wato faifan kwamfuta, na maƙwabcinmu Yaya Salisu, wanda ya yi wannan aikin shekara huɗu kafin ni. Na je sibar, shagon kwamfuta, na canza sunan da ke bango, na buga. Shafin sadaukarwa ko leƙa shi ban yi ba.

Malam ya karanta da ƙarfi: "Ga matata Ramatu mai haƙuri, da tagwayenmu."

Na ce, "Mushe, kuskuren na'ura ne."

Ya ce, "To na'urar da ta ba ka mata da 'ya'ya, ita za ta ba ka maki."

Sifili na samu, na maimaita darasin.

Yau, bayan shekaru, na haɗu da Ramatun Yaya Salisu a kasuwar Rood Woko, da jikanta a hannu. Ta ce, "Maigida, har yanzu ba ka zo ganin yaranka ba?"

Ku faɗi gaskiya, ku me kuka taɓa gada a aikin wani?