Inji a Kan Keken Tumatir

Ina zaune a bakin shagona na ɗinki a unguwar Bukoki, ina farke kalmasar wani zane da na ɗinka a karkace, na fara ganin abin. Keke ne kamar kowane keke, amma mai shi ba ya taka feda. Ƙafafunsa suna hutawa, rigarsa ta cika da iska, a tsakanin ƙarafan keken kuma ga wani ɗan inji da bai fi butar shayi girma ba, yana ta tari. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

A lokacin babu abin da nake so irin littattafan soyayya da ƴan kasuwa ke kawo mana daga Kano. A cikinsu saurayi da mota mai sanyi yake zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga gida. Ni nawa mijin da keke yake zuwa, ƙamshin ganyen tumatir ne yake riga shi. Aikinsa shi ne ɗauko tumatir daga lambunan Gudel na bakin kogi, ya kai wa wata Hajiya mai rumfa a kasuwar Lazare, sawu biyu kowace safiya. A shekarar nan gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura, sawu na biyu kuma ya fara gagararsa. Hajiyar nan ce kaɗai yake yi wa aiki. In ta sallame shi, shi ke nan.

Da yamma na ba shi labarin keken da na gani, na ƙara masa gishiri yadda marubuta ke yi.

"Uwargida, a shafi na nawa kika karanta wannan?" in ji shi.

"Da idona na gani, Malam."

Ya yi dariya, amma bayan sati biyu sai ga shi da kwalin inji a kariyar keke.

Muka kai wa wani tsohon Bazabarme mai walda a bayan kasuwar Lazare. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera, ba ya ɓata kalma. Ya ɗora injin a tsakiyar keken, sai aka ga bakin da zai kama ƙarfen ya fi ƙarfen faɗi, har ɗan yatsana na iya shiga tsakani. Tsohon ya ce ba kome, ya ɗaure bulon ɗin, wato ƙusoshi masu noti, da ƙarfi, ya ja sarƙa, ya zuba esans, wato fetur. Injin ya tashi. Ranar na hau baya muka zagaya Bukoki, mayafina yana tashi, ina jin kamar ni ce yarinyar da ake zanawa a bangon littafi. Haƙorana suna ta haɗuwa da juna, amma ban faɗa ba.

Shi ma bai faɗa ba, sai da na ga ya kasa riƙe kofin shayi. Karkarwar injin tana bin ƙarfe ta shiga hannuwansa, in ya sauko sai ya ce kamar ba nasa ba ne. Tumatir kuwa ba ya ɓoye abin da aka yi masa. Na saman kwando yana isa lafiya, na ƙasa ya fashe.

"Ɗana, tumatir na aike ka ko miya?" in ji Hajiya. "In miya ce, ina gishirin?"

Ni na kawo shawarar farko, kuma ni na yi kuskuren. A littattafaina, duk wanda jikinsa ke rawa rarrashinsa ake yi, a lulluɓe shi da abu mai laushi. Na yanka tsohuwar robar cikin taya, na ce a naɗe ƙarfen da ita a ɗora injin a kai. Tsohon bai musa ba, ya ce kowa haka yake yi. Kwana biyu abin ya yi sauƙi, ina ta yi wa maƙwabta bayani. A rana ta uku robar ta lotse, injin ya samu wurin rawa, yana kaɗawa hagu da dama. A rana ta biyar, a hawan da ake yi in an baro Gudel, bulon ɗaya ya karye, sarƙa ta zame, keken ya kife da kwando biyu.

Ya dawo yana tura keken, gwiwar wandonsa ja da ruwan tumatir. Ya ce Hajiya ta ba shi zuwa Juma'a. In kaya suka sake zuwa a fashe, za ta ba mai amalanke aikin.

"Zan cire injin," in ji shi. "In koma feda."

"Da wace gwiwar?"

Ya jingine keken a jikin bango. Bai kuma ce laifina ne ba, wannan ya fi yi mini zafi.

Washegari da hantsi ina ɗinki, hankalina ba ya kan zanen. Keken ɗinkina yana da ɗan inji na lantarki a gefe, shekara da shekaru yana gudu, karkarwarsa ba ta taɓa sa allura ta kauce wa layi ba. Na tsaya na leƙa. Injin a manne yake da kan keken, ƙarfe a kan ƙarfe, ko zare ba zai shiga tsakani ba. Na duƙa na dubi ƙasa. Roba tana can ƙarƙashin ƙafafun tebur, inda na sa ta da hannuna don kada mai shagon kusa ya ƙara yi mini ƙorafi. Na rufe shago ban ko kashe fanka ba.

Na tarar da tsohon yana cin goro.

"Baba, a cire robar. Injin ya kama ƙarfe kam, a cike ramin da ƙarfe."

"Madam tela," ya ce, "jiya roba, yau babu roba. Gobe leshi za ki ɗinka masa?"

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Na ji kunya, amma na ce ya zo ya ga keken ɗinkina, in ƙarya nake yi in ɗinka masa riga kyauta. Don rigar ya biyo ni. Ya duƙa, ya taɓa injin yana gudu, ya taɓa tebur, ya taɓa ƙasa. Sannan ya miƙe.

"To," in ji shi. "Rigar ta wuce ni."

Ranar Laraba ya yanko guntun bututun ƙarfe, ya tsaga shi biyu, ya yi ta gogawa yana gwadawa har ɓarin biyu suka rungume ƙarfen keken, bakin injin ya zauna a kansu daram. Ya sa sababbin bulon, yana ɗaure wannan kaɗan, ya koma wancan kaɗan, don kada injin ya karkata. Robar da aka cire ban yar ba. Na ninka ta aka shimfiɗa tsakanin kariya da kwando. Na tattara ƙyallayen shago na ɗinka wa kwandunan shimfiɗa mai kauri, na ɗinka wa hannun keken riga da soso a ciki. Da atamfa mai furanni na yi ta, Malam ya ce abokansa za su kashe shi da tsiya, amma bai cire ba.

Tsohon ya cika ƙaramin kofi da shayi, ya ajiye a kan kwando, ya tayar da injin. Shayin ya yi ta ɓari a sama, amma ko ɗigo bai zuba ba. Ya ɗauka ya shanye.

Ranar Juma'a na riga mijina isa rumfar. Hajiya ba ta dubi na sama ba. Ta sa aka juye kwandon a faranti, ta ɗauki na ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Guda biyu ne suka lotse, babu wanda ya fashe.

"Wa ya gyara maka?" ta tambaye shi.

Ya nuna ni da haɓa. Na karanta kalaman soyayya masu shafi uku, babu wanda ya kai mini wannan nunin. Hajiya ta ce ya hanzarta, sawu na biyu na jira.

Shekara shida ya yi yana wannan hanyar da keken. Tsohon mai walda kuwa, daga baya duk wanda ya sayi irin injin nan a unguwannin Lazare da Bukoki wurinsa ake tura shi. Bara na wuce ta bayan kasuwa na same shi a kan benci. Wutar walda ta cinye masa ido, ya bar aiki, amma har yanzu ana kawo masa kekuna ya shafa. Na ga ya zura yatsa ƙarƙashin injin wani direba, ya zaro guntun roba ya jefar.

"Je ka dubi keken ɗinkin matarka," ya ce masa. Ya juyo wajen da ya ji takuna. "Madam tela ce? Har yau ina jiran rigata."