Fasto Yahuza da Bijimin da Ya Kai La'asar a Tsaye

Fasto Yahuza ba shi da agogon da ke tashinsa. Ladanin masallacin Unguwar Jatau ne ke yi masa wannan aikin, kuma bai taɓa jin nauyin faɗin haka a gaban ikilisiya ba. Da an kira assalatu sai ya laluba takalmansa na roba, ya fita ya buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin dogonyaro, wanda muke kira ƙararrawa don kada ransa ya ɓaci. Tsofaffin mata ne ke amsa kiran. Da su yake addu'ar safe, sannan ya saɓa fartanya ya gangara fadama wurin tumatirinsa. Idan hantsi ya yi ya wanke ƙafa, ya hau babur ɗin nan nasa mai tari, ya shiga zagaye: mai jego a nan, marar lafiya a can, miji da matar da suka kwana ba sa magana, tsohon da 'ya'yansa suka tafi Zariya suka manta hanya. Wani lokaci Ikara, wani lokaci asibitin Makarfi. Haka yake yi shekara talatin da ɗoriya. A ƙarshen wannan shekara zai ajiye aiki.

Ba zan yi masa ƙarya ba, domin ba ya so: Fasto Yahuza bai iya wa'azi ba. Da tumatir yake farawa, da tumatir yake ƙarewa, a tsakani kuma dattawa su sami barcin da suka rasa a gida. Ba a taɓa manna hotonsa a bangon tasha ba. Bai taɓa ganin wahayi a kan wanda ya tsare wa wani arziki ba. Sau da yawa an yi niyyar canja masa wuri, sai a rasa mai son zuwa namu, a ƙyale shi. Amma ka tambayi duk wanda ya yi rashi a garin nan wa ya fara riƙe diga a maƙabarta, tamu ko ta maƙwabtanmu, za ka ji suna ɗaya.

Wanda bai san Unguwar Jatau ba sai an yi masa bayani. Kakanninmu ɗaya ne. Da zamani ya juya, wasu 'ya'ya suka nufi masallaci, wasu suka nufi majami'a, gonaki kuwa suka zauna inda suke, iyaka da iyaka. Yayar Fasto, uwa ɗaya uba ɗaya, Musulma ce, sunanta Mukarrama, kuma tana auren Malam Safiyanu, malamin da ke karantar da Alƙur'ani a garin. Tun zamanin iyayenmu akwai al'adar da ba wanda ya rubuta: ranar Kirsimeti ikilisiya ke kawo bijimi, amma Musulmi ne ke yanka shi, don naman ya shiga kowane gida ba tare da an yi tambaya ba. Idan layya ta zo, kwanukan su biyo hanya su dawo. Malam Safiyanu ne mai wuƙar. Yakan zo da ita naɗe a ƙyalle, yana tsokanar ƙanin matarsa da mai aikin yini ɗaya a mako. Fasto kuma ya ce da ya san a hannun mai gemun bunsuru yayarsa za ta ƙare, da ya ɓoye ta a rumbu.

Wata shekara, ranar Kirsimeti, abubuwa suka haɗu. Malam ya yi sammakon jana'iza a Kudan. Ana tashi sujada a majami'a aka kira Fasto asibitin Makarfi, wata 'yar ikilisiya na fama da naƙuda. Matan zumuntar ikilisiya sun sauke shinkafa, ruwan miya na ta tafasa babu nama, yara sun fara kuka. Sai dattijo Barnaba, tsohon maharbi, ya ce shi fa ya yanka dabbobin da suka fi wannan taurin wuya, ya sa wa bijimin wuƙa. Ba da mugun nufi ya yi ba, wannan kowa ya shaida. Yunwa ce da surutun mata. Ana cikin fiɗa Malam Safiyanu ya iso da ƙyallensa a hannu, ƙurar hanya ko wanke ta bai yi ba. Ya dubi fatar da aka shimfiɗa, ya ce sannunku da aiki, ya juya.

Da Fasto ya dawo, dattawa suka tarbe shi da shawarwari masu kyan gani. Wani ya ce a raba naman yadda aka saba, ai nama ba ya magana, Malam kuma ba mutum ne mai yawo da zance ba. Wani ya ce ya ji daga bakin manyan malamansu cewa yankanmu ba haram ba ne a gare su, don haka ba a cuci kowa ba. Ya saurare su duka, yana zaune da hularsa a gwiwa.

"Yaya Mukarrama ba za ta tambaya ba," ya ce. "Ci za ta yi, don daga gidan ubanta ya fito. Shi ya sa ba zan aika ba."

Ya tashi ya bi gidajen Musulmi ɗaya bayan ɗaya, hannu biyu babu komai, yana faɗin abin da ya faru da bakinsa. Bai ambaci sunan Barnaba ba ko sau ɗaya. Cewa yake yi mun yi kuskure. Gidan yayarsa ya bari ƙarshe. Ta riga ta wanke kwano ta kife. Waɗanda ke tsakar gidan sun ce ta dube shi ta yi masa tambaya ɗaya.

"Auta, ashe an raba tukunya?"

Tun tana yarinya ba ta taɓa rasa naman nan ba. Addini ya raba su wurin sujada, aure ya raba su gida, wannan kwanon ne kaɗai ke zuwa mata daga inda aka haife ta a kan ƙa'ida, kowace shekara. Fasto bai ci naman ba a ranar. Matarsa, Mama Rifkatu, ta ce tuwon jiya ya sa aka ɗumama masa.

Shekarar da ta biyo baya ba ta yi daɗi ba. Ba wanda ya zagi wani, mu ba haka muke faɗa ba. Gaisuwa ce ta gajarce. Da layya, wasu kwanuka sun zo, wasu ba su zo ba. A ɓangarensu aka sami masu cewa dama an gaji da su ne, a namu kuma aka sami masu cewa gara haka, me ya sa bijiminmu zai jira wuƙar wani. Ire-iren waɗannan mutane ba sa ƙarewa a kowane gari, kuma rediyo na taya su aiki. Malam Safiyanu ya faɗa wa na kusa da shi cewa ba a kiran dattijo yanka ya tarar da fata, don haka ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba. Fasto kuwa bai fasa zuwa zaurensa ba. Ya gaishe shi, su yi zancen tsutsar da ta addabi tumatir da tsadar taki, ya tashi. Maganar bijimi bai taɓa ɗaga ta ba.

Kirsimeti ta zagayo. Fasto ya aika a gaya wa Malam an ɗaure bijimi, Malam ya ce a nemi Barnaba. Ana tashi sujada Fasto ya jawo benci ya ajiye kusa da dabbar, ya zauna, ya ce ba mai taɓa ta. Aka ɗauka wasa yake yi. Rana ta take, tukwane na tafasa da ruwa zalla. Mama Rifkatu ta zo ta tsaya a kansa ta ce idan auren bijimin zai yi ya faɗa, a kira 'yan waƙa. Aka kira azahar. Yara suka ci shinkafa da mai da yaji, wasu iyalai suka kwashe kujerunsu cikin fushi, wani matashi ya ce wannan ba bangaskiya ba ce, zubar da mutunci ne. Fasto ya ce mai yiwuwa ne. Bai tashi ba. Can sai ga Barnaba, ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Su biyu da bijimi, suna kallon hanya.

Bayan la'asar aka hango Malam Safiyanu yana tahowa a hankali, kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi. Ƙyallen na hannunsa. Mukarrama na biye da shi da kwano.

"Kai Yahuza, kukan dabbar nan ya hana ni barcin rana. Don ita na zo, ba don kai ba."

"Na sani, Malam. Dama kai take jira. Ni ai tumatir nake ci."

Barnaba ne ya riƙe ƙafafu. Daga baya muka ji cewa tun safe Mukarrama ba ta hura wuta ba. Ta gaya wa maigidanta cewa ranar da nama bai fito daga gidan ubanta ba, tuwo ma ba zai fito daga madafarta ba. Wasu na cewa addu'ar Fasto ce ta kawo Malam, wasu na cewa yunwa ce. Da aka tambayi Fasto, ya ce bai ga abin da zai hana Ubangiji yin aiki da duka biyun ba. Yau Mukarrama ba ta da haƙori ko ɗaya, amma kowace Kirsimeti hanta ake ware mata, kuma tana duba ko an rage.

Muna son mu ɗauka aikin fasto a kan mumbari yake, inda ake ganinsa da kwat. Rayuwar mutumin nan ta nuna mana yawancinsa a ƙasa ake yi: a bakin gadon asibiti, a zauren surukin da ke fushi, a cikin rana gaban mutanen da kai ne ka hana su cin nama. Almasihun da yake bi bai tsaya nesa ya aiko da saƙo ba, zuwa ya yi ya zauna da mutane, kuma ba a kan lokacin abincinsu yake auna abin da ya kamata ba.

Fasto, kai ne makiyayin da ya san garke bai ƙare a ƙofar majami'a ba. Kai ne ka zaɓi ka sha kunya da gaskiya a ranar da ƙarya za ta ƙosar da kowa. Ka ɗauki laifin da ba kai ka yi ba, ka bar wa tsoho Barnaba mutuncinsa, ka bar wa Malam hanyar dawowa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mun gode. Mun gode har da wa'azin, domin waɗanda suka yi barci a cikinsa sun farka sun tarar da kai kana aikata shi.

Ga matasan da ke fitowa daga makarantun tauhidi da manyan lasifikoki, ina roƙonku ku biyo ta Unguwar Jatau kafin tsohon nan ya gaji da baƙi. Ba zai koya muku magana ba. Amma duk wanda za a ba amanar mutane, a majami'a ne ko a masallaci ko a ofis, wata rana zai sami kansa tsakanin jama'arsa masu jin yunwa da ɗan'uwan da bai iso ba tukuna. Ranar nan ku tuna da Fasto Yahuza, ku jawo benci.

Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi, Baba, ya kuma tsare maka tumatir daga tsutsa.